Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Muka Kwashe Fayilolin Jama'a a Isa Lokacin da Babu Sabis

Idan a wayarka kake karanta wannan, ɗan dakata ka tambayi kanka. A ce yau da daddare an ɗauke sabis, ba na awa ɗaya ko biyu ba, na makonni. Ta yaya za ka fitar da hoton satifiket ɗinka daga wayar nan ka kai shi wata na'ura? Na san amsar da yawancinmu za mu bayar: "Ai sai in tura wa kaina ta WhatsApp." To babu WhatsApp ɗin. Babu imel, babu Telegram, babu Google Drive. Ko da kana da data gig ashirin, ta zama kuɗin Sarkin da ya mutu.

Mu mutanen gabashin Sakkwato ba labari aka ba mu ba. A watan Satumba na 2021, bayan an rufe layukan sadarwa a Zamfara a farkon watan, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Isa da Sabon Birni suna ciki. Kafin nan an riga an hana sayar da fetur a jarka, an kuma rufe hanyar Isa zuwa Marnona, sai dai ka zagaya ta Sabon Birni da Goronyo in za ka Sakkwato. Ni ɗan Kamarawa ne, amma a lokacin ina zaune a cikin garin Isa wurin kawuna. A wannan zaman ne na koyi wani darasi na kwamfuta da ban koya a aji ba.

Injin Kawu

Kawu yana da ɗan shagon buga takardu da ɗaukar fasfo. A kusurwar shagon akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur, irin mai ƙaton allo kamar talabijin ɗin da, tana aiki da Windows XP. Ya saye ta ne kwance tun ina firamare. Kamfanin Microsoft ya daina kula da XP tun watan Afrilun 2014, amma ita ko a jikinta, tunda ba ta taɓa shiga intanet ba balle ta ji labari.

Abin da ke cikinta shi ne maganar. Kawu yana da wata ɗabi'a: duk takardar da ya yi wa sikan, duk fasfon da ya ɗauka, ba ya gogewa. Yana zuba su a jaka-jaka, kowace shekara da tata, a ciki kuma kowane gari da tasa: Kamarawa, Bafarawa, Turba, da sauransu. Takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC da NECO, takardar cinikin gona, katin ɗaurin aure. Da can muna yi masa dariya, muna cewa Kawu ya mayar da injinsa rumbu. Da aka fara tayar da ƙauyuka, mutane suna gudu da kayan jikinsu kawai, wasu an ƙone musu ɗakuna, sai dariya ta ƙare. Mutum zai zo ya ce takardunsa sun tafi, Kawu ya buɗe jakar garinsu ya buga masa wata.

Wata safiya, sabis bai fi kwana goma da ɗaukewa ba, ya kira ni.

"Kai ɗana, taho ka ji. Injin ga ya hwara wani kuka da ban san shi da shi ba."

Na kasa kunne. Ƙas, ƙas, ƙas. Duk wanda ya taɓa zama wurin masu gyara ya san wannan ƙarar. Faifan ajiyar da ke ciki, wanda ake kira had-dis, shi ne ya fara ban-kwana.

"Kawu, sai an kwashe komai. Yau ko gobe."

"To kwashe mana. Mi kake jira?"

Nan gizo ke saƙa. Ramukan USB na injin duk sun ƙone tun wata ranar da janareta ya turo wuta fiye da ƙima, don haka maganar filashi ko memori ba ta taso ba. Wurin saka faifan CD ya daɗe da mutuwa. Ba ta da Wi-Fi, ba ta da Bluetooth. Akwai 'yar na'urar da ake cire had-dis a jona ta da laftof, amma irin ta tsohon faifai sai Sakkwato ko Kano, kuma hanya ba ta biyuwa yadda aka ga dama. Na zagaya bayan injin da tocilar waya. Rami ɗaya ne ya rage mai rai: na kebul ɗin netwok, wanda ake jona kwamfutoci da shi a kafe.

Ina da laftof, kebul kuma mun samu wurin wani mai kafe da ya rufe saboda rashin sabis. Na jona su, fitila ta kama, na ce Alhamdu lillahi. Amma laftof ɗina mai Windows 10 ta ƙi ganin jakunkunan tsohuwar. Dalili shi ne tsohon tsarin raba fayil da XP ke amfani da shi an daina kunna shi a sababbin Windows saboda tsaro, musamman bayan cutar WannaCry da ta bi ta wannan ƙofar ta addabi duniya a 2017. Ga na'urori biyu a kan tebur ɗaya, kebul ya haɗa su, amma kamar ka zaunar da Bagobiri da ɗan Sin babu tafinta.

Ciwon ya girme mu

Abin da ban sani ba sosai a lokacin shi ne, wannan ciwon kan ya girmi mahaifina a harkar kwamfuta. A farkon shekarun 1980 aka fara yayin wasu kwamfutoci masu ƙarfi na mutum ɗaya, waɗanda injiniyoyi da masu bincike a jami'o'i ke aiki da su. Kamfanin Apollo ya fara a 1980, Sun ya biyo baya a 1982, ga Silicon Graphics, sannan NeXT na Steve Jobs ya fito da tasa a 1988. A kan irin wannan NeXT ɗin ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shafukan yanar gizo a cibiyar CERN a 1990. Tsadarsu ta kai ta mota, amma kowace da yarenta. Apollo tana da irin nata netwok. Faifan da wata ta rubuta, wata ba za ta karanta ba. NeXT ta farko ma ko wurin saka ƙaramin faifan filofi ba ta zo da shi ba. Sai ka ga malami ya gama aikin wata shida a na'ura ɗaya, ya rasa yadda zai kai shi na'urar da ke ofishin da ke kallon nasa.

Mutane suka yi ta neman mafita. Tun ranar 16 ga Afrilu, 1971, wani ɗan Indiya mai suna Abhay Bhushan da ke jami'ar MIT a Amurka ya rubuta ƙa'idar farko ta FTP, wato tsarin da kwamfutoci biyu da ke kan netwok ɗaya za su bi su miƙa wa juna fayil ko da ba ƙirar kamfani ɗaya ba ne. To waɗanda ba su kan netwok fa? A 1977 wani ma'aikacin IBM, Ward Christensen, ya rubuta abin da aka sani da XMODEM don tura fayil ta layin tarho. Dabararsa mai sauƙi ce. A yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bayit 128, a haɗa ta da wata lamba ta tantancewa. Mai karɓa ya lissafa, in ta yi daidai ya ce a turo ta gaba, in ba ta yi ba ya ce a maimaita. Kamar dai awon hatsi a kasuwar Shinkafi: tiya ɗaya, a ƙirga, a zuba, sannan ta gaba. Christensen ya rasu a watan Oktoban 2024, kuma da wuya ka ga wanda ya yi masa ta'aziyya a Facebook ɗinmu, alhali duk fayil ɗin da ya iso wayarka lafiya da irin wannan dabarar ya iso.

A 1981 kuma jami'ar Columbia da ke New York ta shiga irin halin Kawu. Wurin ajiya a babbar kwamfutar jami'ar ya yi wa ɗalibai kaɗan, ana so kowa ya kwashe aikinsa zuwa filofi a ƙananan kwamfutoci. Frank da Cruz da Bill Catchings suka rubuta wata manhaja suka sa mata suna Kermit, sunan wani kwaɗon wasan yara na talabijin. Kermit ba ta da sauri, amma ba ta da zaɓe. Muddin na'ura tana da ramin kebul na siriyal, za ta yi magana da ita. Aka yi ta rubuta ta don ɗaruruwan nau'o'in kwamfuta, har ta zama tafintan zamaninta. Jami'ar ta riƙe aikin har 2011.

Don ka san irin haƙurin mutanen da: layin siriyal mai gudun 9600 yana tura kusan bayit 960 ne a daƙiƙa. Hoton selfi ɗaya mai nauyin megabayit 3 zai ci minti hamsin da wani abu. A kan layin tarho mai gudun 300 kuwa, hoton nan sai ya kwana ya wuni bai gama ba. Kai kuma yau bidiyo ya tsaya na daƙiƙa biyar ka fara zagin kamfani.

Makulli a cikin ɗakin da aka kulle

Akwai wata matsala da ta fi rashin sauri ciwo, kuma ita ce ta haɗa mu da su. Kana buƙatar manhajar tura fayil, amma ita kanta manhajar fayil ce. Ta yaya za ka shigar da ita na'urar da ba ta da hanyar karɓar fayil? Mutanen Kermit sukan aika wa jami'o'i manhajar a kan tef ta gidan waya. Wani lokaci kuma mutum ya zauna ya buga wata 'yar gajeriyar manhaja da hannunsa, layi bayan layi, wadda aikinta kawai ta jawo babbar.

Kai ma ka san wannan, ko da ba ka san sunansa ba. Ka sayi sabuwar waya, babu data, kana son Xender. Me ake yi? Abokinka ya turo maka Xender ɗin ta Bluetooth, a hankali kamar tafiyar hawainiya, sannan ka buɗe ta ka kwashi finafinai cikin minti biyu. Ƙaramar hanya ta jawo babba.

Ni ma a nan na maƙale. Na tuna malaminmu na kwamfuta ya taɓa nuna mana cewa Windows XP tana jin FTP ba tare da an saka mata komai ba: ka buɗe tagar jakunkuna, ka rubuta adireshi, shi ke nan. Ke nan tsohuwar a shirye take. Laftof ɗina ce ke buƙatar manhajar da za ta mayar da ita mai karɓa, irin su FileZilla Server, kyauta ce, nauyinta bai kai na waƙa uku ba. Amma tana intanet, intanet kuma tana bayan dutse.

Sabon Birni tana bakin iyaka da jihar Maraɗi, kuma a lokacin duk wanda ke da layin Nijar ya zama ɗan gata, don akwai wuraren da sabis ɗin ƙetare ke leƙowa. Ina da aboki a can. Na rubuta sunan manhajar a takarda da manyan baƙaƙe, na ba wani direba da ke bin hanyar. Abokina ya je inda ake samun sanda ɗaya ko biyu, ya sauke ta a wayarsa, ya tura wa yaron motar ta Xender. Ranar da motar ba ta dawo ba, wallahi ban yi barcin kirki ba, ba don manhajar ba, don na san abin da ke kan hanyar. Washegari suka iso lafiya, ashe taya ce ta fashe. Yaron motar ya tura mini, ni kuma na jona wayata da laftof. Kwana uku, waya uku, kafin fayil ɗaya ya yi tafiyar da a da ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Daga baya na karanta cewa haka saƙonni ke tafiya a tsakanin na'urorin Unix da wani tsari mai suna UUCP, wanda Mike Lesk ya rubuta a Bell Labs a shekarun 1970. Wannan na'ura ta kira waccan ta tarho, galibi da dare, ta miƙa mata saƙo, ita ma ta miƙa wa ta gaba, har ya isa. Mai aikawa ma shi ke jera sunayen na'urorin da saƙon zai bi. Ashe mu da direba da yaron mota UUCP muka yi, ba mu sani ba.

Dare biyu da litar fetur

Fetur ya yi wuya saboda dokar jarka, don haka Kawu ya zuƙo daga tankin babur ɗinsa. Muka tayar da janareta bayan sallar isha'i. Na ba laftof lamba, na ba tsohuwar lamba, na rubuta adireshin. Shiru. Na sake. Shiru. Gumi ya fara keto mini.

"Ɗana, in ba ya yi ka hwaɗa mini gaskiya, kar mu ƙone mai a banza."

"Kawu, ba ni minti biyar."

Ashe katangar tsaron laftof ɗin ce ta tare ƙofa. Na buɗe mata hanya, sai ga taga ta buɗe fara fes. Na jawo jakar farko na saka. Takardu suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ba mu kwashe gaba ɗaya ba, don faifai mai ciwo ba a yi masa lodin jaki. Muka fara da abin da ya fi muhimmanci: takardun gona da na makaranta, sannan fasfo, katunan biki su ne na ƙarshe. In ƙarar ta yi yawa mu kashe, mu jira ya huce. Dare biyu muka yi. Cikin kusan gig goma sha ɗaya mun samu fiye da tara. Jakar 2013 ta ƙi buɗuwa sam, ta tafi ke nan. A cikinta akwai takardar gonar wani dattijo da ya zo nema daga baya, Kawu ya rasa bakin da zai gaya masa. Kwana huɗu bayan haka injin ya ƙi tashi, har yau.

Bayan kamar wata biyu wata mata daga garinmu ta zo shagon da ɗanta. An kashe mijinta a gona da damina. Ta ce yaron ne ya dame ta, yana cewa ya fara manta fuskar babansa, kuma wayar da ke da hotunansa ta tafi tare da shi. Ta tuna ya taɓa ɗaukar fasfo a nan.

"Inna, wace shekara ce?" na tambaye ta.

Ba ta riƙe shekara ba, sai dai ta ce lokacin tana goyon wannan yaron. Muka ƙiyasta, na buɗe jakar Kamarawa ta 2015 a laftof, muka bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. A wajen na sittin ta ce, "Tsaya." Kawu ya buga mata guda huɗu, bai karɓi ko sisi ba.

Abin da nake so ka yi yau

Abin dariya, a wannan shekarar ta 2021 ce manhajojin Chrome da Firefox suka cire FTP daga jikinsu, saboda ya tsufa kuma ba ya ɓoye abin da ake turawa. Suna da gaskiya, kada ka yi amfani da shi a buɗaɗɗen intanet. Amma tsakanin na'urori biyu da kebul ɗaya a cikin shago, tsarin da ya shekara hamsin shi ya fitar da mu.

Ba mu kaɗai ke rayuwa a haka ba. A Kyuba akwai abin da suke kira El Paquete Semanal, tarin finafinai da labarai da manhajoji kusan terabayit guda da ke zagaya ƙasar kowane mako a kan had-dis, hannu da hannu. A nan gida kuma 'yan tura-tura na bakin kasuwa, daga Farm Centre a Kano har tashar motar garinku, sun daɗe suna wannan aikin. Hanyar tura fayil ba tare da sabis ba sana'a ce, kuma ilimi ne.

Don haka ga 'yan shawarwari daga wanda ya ga uwar bari.

Ka nemi kayan aikin tun sabis yana nan. Ka ajiye fayil ɗin girka Xender ko makamanciyarta a memori, ba a cikin waya kawai ba. Kada kuma ka dogara da guda ɗaya: a watan Yunin 2020 Indiya ta haramta Xender da SHAREit tare da TikTok a rana ɗaya. Wayoyin Android na yanzu suna zuwa da Quick Share a jikinsu, yana aiki babu data. Ka gwada shi yau da abokinka, kada ka bari sai ranar buƙata.

Takardunka masu muhimmanci su zauna a wuri uku: waya, memori ko filashi da ke ajiye a wani gida daban, da kuma intanet. Google Drive yana da amfani ranar da waya ta faɗa ruwa, memori yana da amfani ranar da aka ɗauke sabis. Kowanne da ranarsa.

Ka ajiye su a sigar da kowace na'ura ke ganewa, wato PDF da JPG. Ka sa musu suna na hankali. Da Kawu bai raba jakunkunansa gari-gari ba, da har yanzu muna neman hoton nan.

In za ka kai waya wurin mai tura-tura, cire memorin da ke da takardunka da hotunan iyalinka, ka ba shi wani daban. Kebul ɗin da ke shigar da fim yana iya fitar da sirri.

Sannan in akwai tsohuwar kwamfuta a gidanku, ko makarantarku, ko shagon wani kawunka, wadda kowa ke cewa "ai tana aiki", je ka duba bayanta ka ga ramuka nawa suka rage masu rai. Ka kwashe abin da ke ciki tun tana tashi.

Fayilolin Kawu yanzu suna wuri uku, ɗaya a Isa, ɗaya a Sakkwato wurin ƙanwata, ɗaya a intanet. Tsohon injin kuma yana nan a kusurwar shago, an ɗora masa tabarmar sallah da butar shayi. Kawu ya hana a sayar wa 'yan gwangwan. Ya ce wai ko Allah zai kawo mai gyaran da zai iya buɗe jakar 2013.